Idon Hagu na Habsatu Maiturare

A garin Gure, da wuya a kai amarya ɗakinta ba a ga kwalbar Habsatu cikin kayanta ba. Turaren wuta take haɗawa da humra, irin na Barebari, wanda ta koya a hannun kakarta, har sunan sana'ar ya danne na yanka. Maiturare kowa ke ce mata. Mijinta Jibo yana da garka a kwari, bayan tuddan rairayi, inda yake shayar da dabino da rogo da albasa. Mahaifiyarsa Yabawa tana zaune da su gida ɗaya, kuma ba a taɓa jin kansu da surukarta ba.

Abu ɗaya ke damun Habsatu tun tana yarinya: ba ta gani nesa. Tabaraunta kauri gare shi kamar gindin kwalba. In ta duƙa kan kasko tana juya itacen sandal cikin narkakken sukari, sai tururi ya rufe gilashin, ta cire ta goge da bakin zane, ta mayar, ya sake rufewa. In kuwa ta ajiye shi gefe, wanda ke tsaye bakin ƙofa sai ya yi magana take sanin ko wane ne.

Yayanta Ibram ne ya zo da labarin. Fataucin raguna yake yi zuwa Najeriya, kuma a Kano ya ji an ce akwai wata asibiti da ake gyara ido da wani haske mai suna leza.

"Haske kawai za su haska maki, Maiturare," in ji shi. "Ba dogon kwanciya, ba jini. Ki tashi ki jefar da gindin kwalbar nan."

"Yaya, ido ne fa."

"To da na ce maki ƙafa ce? Na ga wanda aka yi wa. Direba ne, yanzu tun daga nesa yake hango jandarma."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Lokacin zafi ne, Jibo ba ya iya barin garka ko yini ɗaya, don haka Ibram ya ce shi zai kai ta. Suka shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Damagaram, daga can suka wuce Kano.

Likitan saurayi ne mai fara'a, sunansa Tanimu. Ya sa ta kafa haɓa a kan na'urori iri-iri, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ce idanunta sun dace da aikin.

"Hajiya, cikin mutum ɗari da muke yi wa, fiye da casa'in da biyar suna fita suna gani garau, ba tabarau. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata ki sani, domin wani lokaci akan samu..."

Ibram ya yi gyaran murya. Ya miƙe, ya kama hannun likitan da ladabi.

"Likita, ɗan zo mu gana. Ni ne babba a gidansu."

Likitan ya dubi Habsatu, ya dubi Ibram, sai ya bi shi waje. Ƙofar ta rufe. Habsatu tana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ba ta jin abin da suke cewa. Da suka dawo ta tambayi yayanta, ya ce alheri ne, ta kwantar da hankalinta. Ba ta sake tambaya ba. A gidan da ta tashi, in babba ya fita da likita ya dawo ya ce alheri, ƙarami ba ya neman ƙarin bayani.

Aikin bai daɗe ba. Ta ji ƙaurin wani abu kamar gashi ya taɓa wuta, ta ga koren haske yana rawa, shi ke nan. Aka rufe mata idanu da wasu 'yan marufai, aka zaunar da ita ta huta. A nan ma ta ji an kira Ibram gefe, an daɗe ana yi masa magana.

Washegari aka duba ta, aka ce komai ya yi. A hanyar komawa gida Habsatu ba ta rufe baki ba. Ganyen aduwa ɗaya-ɗaya take gani. Ta karanta rubutun bayan wata babbar mota tun ba su cim mata ba. Da duwatsun Gure suka bayyana, ta ga ashe akwai awaki a kansu, ita da duk rayuwarta take ɗauka duwatsun sumul suke.

A tsakar gida, gaban Jibo, Ibram ya isar da saƙon likita. Ta riƙa ɗiga magani safe da rana da yamma. Kada ta murza ido. Ta huta da girki na ɗan lokaci. Da ya gama ya sha ruwa, ya wuce kasuwar Gidigir neman raguna.

Mata suka fara shigowa barka da arziki. Ana cikin haka Yabawa ta tsaya tana kallon fuskar surukarta, ta daɗe, sannan ta ja ta ɗaki.

"Ke Habsatu, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Iya."

"To takabar wa kike yi? Ɗana yana can kwari yana jan ruwa da ransa da lafiyarsa, ke kina nan zaune ido fari fat, kamar wadda aka kai mijinta kushewa jiya. Mutane suna shigowa suna kallonki."

"Iya, ina tsoron aikin bai gama warkewa ba."

"Likitan ya hana kwalli?"

Habsatu ta bi maganar yayanta ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta. Magani, murza ido, girki.

"Bai hana ba, Iya."

"To kin gani. Ai kwalli shi ne maganin ido tun kafin a haifi likitanku. Matso nan, 'yata."

Da ƙauna ta yi shi, wannan ba shakka. Ta ciro tandun da matan gidan da na maƙwabta suke ara, ta lashi tsinken kamar yadda ta saba don kwallin ya kama, ta tsoma, ta ja shi cikin idon hagu tun daga wannan kusurwa har waccan. Raɗaɗi ya sa Habsatu ta janye kai, don haka idon dama a gefen fata kawai ya samu. Yabawa ta ja baya ta duba aikinta.

"Yauwa. Yanzu kin zama matar mai rai."

Da yake an ɗauke mata girki, sai Habsatu ta ga lokaci ya yalwata. Akwai bikin wata yarinya a Kelle da aka yi mata maganar turarensa tun kafin tafiya. Ta hura garwashi, ta ɗora kasko. A karo na farko a rayuwarta ta ga launin sukari yana juyawa daga fari zuwa ja ba tare da ta goge komai ba. Ta duƙa cikin hayaƙin tana murna.

Bayan 'yan kwanaki idon hagu ya soma ƙaiƙayi, ya koma suka, ya yi ja. Ba ta iya kallon hasken tsakar gida. Yabawa ta ce warkewa ce, ciwo ba ya fita shiru. Habsatu ta yarda, tunda an ce mata an yi nasara, kuma ba wanda ya ce mata akwai ciwon da ake gudu a kansa. Ta ci gaba da ɗiga maganinta safe da rana da yamma, ba ta taɓa tsallakewa ba. Sai ranar da Jibo ya dawo daga garka ya ɗaga mata haɓa, ya ga wani farin ɗigo a kan baƙin idon kamar ƙwayar gero.

Ya kai ta asibitin gari. Majo Aisami, babban malamin asibitin, wanda ya daɗe yana duba mutanen Gure, ya buɗe fatar idon da yatsa, ya ga sauran baƙin kwalli a ciki.

"Kwalli? A idon da aka yi wa aiki? Madam, ba su gaya maki ba?"

"Gaya mani me?"

Majo ya dube ta, ya dubi Jibo.

"Ku koma inda aka yi aikin. Yau, ba gobe ba. Wannan ya fi ƙarfin abin da ke gare ni a nan, kuma idon ba zai jira ku ba."

Ibram ya dawo gari a ranar. Jibo ya so ya bi su, Ibram ya ce shi ya san hanya ya san likita, shi Jibo ya zauna ya kula da garka da tsohuwa. A cikin kar, Habsatu ta rufe rabin fuskarta da mayafi saboda haske. Sun wuce Gidimuni kafin ta yi magana.

"Yaya, likitan nan ya yi maganar kwalli?"

Ibram ya juya yana kallon taga.

"Ki yi ta salati, Habsa. Allah na nan."

Daga nan ta san an faɗa masa. Fushi ya taso mata, amma motar cike take da mutane, kuma ba a yi mata tarbiyyar ɗaga wa yaya murya a gaban baƙi ba. Ta haɗiye. Har Kano tana haɗiyewa.

Likita Tanimu ya duba idon a na'ura, fara'arsa ta ɗauke. Ya tambaye ta abin da ta sa, ta faɗa. Ya tambayi sana'arta, ta faɗa. Ya tambayi yaushe ciwon ya fara, ta faɗa. Ya tura kujerarsa baya.

"Hajiya, wannan ba daga aikinmu ba ne. Mu mun yi namu, kuma ya yi kyau, ga idon dama nan shaida. Abin da ya rage bayan aiki na majinyaci ne. Mun ce ba kwalli har sai mun ba da izini. Mun ce ba hayaƙi. Mun ce da an ji ciwo ko an ga ja, a dawo nan take, kada a kwana. Kin yi sakaci da idonki."

"Wa kuka ce wa?"

Ibram ya miƙe yana gyara hula.

"Likita, mu ɗan fita..."

"Zauna, Yaya."

Bai taɓa jin wannan murya a bakinta ba. Ya zauna.

"Likita, tambayarka nake. Wa kuka ce wa? Ni da kai Hausa ɗaya muke ji. Ina zaune a kan kujerar nan ka fara magana, aka kama hannunka, ka tashi ka bar ni. Idon a fuskar wa yake? A fuskarsa? Da ka zo haska wutarka, ai ni ka kwantar, ba ka fita waje ka haska wa yayana ba. Yanzu ka buɗe baki ka ce na yi sakaci? Ni da ban taɓa tsallake ɗigon maganinka ko sau ɗaya ba?"

"Hajiya, haka iyalai da yawa suke so, a yi magana da babba..."

"Iyalan ne za su makance?"

Ta juya ga Ibram da idonta ɗaya mai gani.

"Kai kuma, Yaya. An ba ka amana ka kawo mani, ka tsaya a hanya ka tsince wadda ta yi maka daɗi."

"Habsa, ki ji ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mutumin nan ya tsayar da ni yana lissafa mani masifu. Wai ido na iya bushewa, wai yana iya ruɓewa, wai wani ba ya komawa daidai. Ya za a yi in zauna gaban ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ana shirin kwantar da ita, in ce mata idonta na iya mutuwa? Baki na jawo abu. Ba a yi wa majinyaci mugun baki, ke ma kin sani. Da Baba yana kwance, wa ya faɗa mashi sunan ciwonshi?"

"Baba ba shi da abin da zai yi da sunan. Ni akwai abin da zan yi. Kwallin fa? Shi ma mugun baki ne?"

Ibram ya sunkuyar da kai.

"Ina namiji, in tsaya gaban mijinki da surukarki ina maganar kwalliyarki? Na ɗauka ke da kanki za ki bari."

"In bari? Iya ta tambaye ni ko an hana, na ce ba a hana ba, don kai ba ka ce ba. Da kalma ɗaya ka ba ni, da ita zan kare kaina, Iya ba za ta ja da likita ba. Hayaƙin kuma?"

"Ai na ce ki bar girki."

"Yaya, Maiturare kake ce mani tun kafin in yi aure. Da me kake tsammani nake turaren, da ruwan sanyi?"

Habsatu tana huci, hawaye na zuba daga idon mai ciwo shi kaɗai, ba na kuka ba. Ta komo kan likitan.

"Ka ce fiye da casa'in da biyar cikin ɗari. Wannan kam a gabana ka faɗe shi, ba ka fita waje ba. To ni ina cikin sauran ke nan?"

Likitan ya rage murya.

"A gaskiya, irin naki ba ma sa shi cikin waɗanda aikin bai yi ba, tunda matsalar daga baya ta zo."

"Ikon Allah. Ba na cikin waɗanda suka dace, ba na cikin waɗanda ba su dace ba. To a wane lissafi nake? Gobe wata za ta zauna nan ka faɗa mata casa'in da biyar ɗinka, ni ko inuwata ba ta ciki."

Likita Tanimu ya cire tabaraunsa ya ajiye a tebur. Sai a lokacin Habsatu ta lura cewa shi kansa tabarau yake sawa. Ta so ta yi magana a kai, ta fasa, domin akwai abin da ya fi wannan.

"Kin yi gaskiya, Hajiya," in ji shi. "Da ke ya kamata in yi magana."

"To yi yanzu. Duka. Kada ka tsince mani komai."

Ya gyara zama ya fuskance ta. Ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga ƙarƙashin fatar da aka ɗaga a kan baƙin idon lokacin aiki, kuma ta samu kwanaki tana ci. Ya ce za su sake ɗaga wurin su wanke, su ɗebi kaɗan su gano irin cutar. Ya ce in ta riga ta yi zurfi, idon yana iya hujewa, kuma in ya huje...

"A'uzu billahi," in ji Ibram. Ya tashi ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Habsatu ba ta waiwaya ba.

"Ci gaba. In ya huje fa?"

Ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, kuma ta ga ashe jin abin bai kashe ta ba. Ta tambayi abin da ke nata a ciki. Ya ce ɗigon magani kowace awa, ba fashi, da wanke hannu kafin ta taɓa kwalbar, da zuwa asibiti kullum har sai ya ce ya isa. Ta maimaita masa da bakinta, ya gyara mata wuri ɗaya, ta sake maimaitawa.

Suka sauka a gidan maigidan Ibram na kasuwar dabbobi. Makonni suka yi a can. Ibram ya bar ragunansa a hannun wani, kullum shi ke raka ta asibiti, ya zauna a benci a waje. Ba ta hana shi rakiya ba, ba ta kuma kira shi ciki ba. Magana tsakaninsu ba ta wuce ta abinci da ta mota. Matan gidan suka kawo mata shawarwari, wata ta ce nonon mai jego, wata ta ce ruwan zuma. Habsatu ta gode musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta sa ko ɗaya ba. Da Yabawa ta kira a wayar Jibo tana kuka, tana cewa ita ta kashe wa 'yarta ido, Habsatu ta ce, "Iya, tambaya kika yi, aka ba ki amsa. Ba ke ba ce." Da ta ajiye wayar sai fushin ya dawo mata sabo, don har tsohuwar an sa ta ɗauki abin da ba nata ba.

A hankali jan ya ragu, sukar ta lafa. Ranar duba na ƙarshe likita ya sa ta rufe idon dama da tafin hannu. Ta ga taga, ta ga farar rigarsa, ta ga yana ɗaga hannu. Fuskarsa kuwa kamar ta bayan labule mai shara-shara. Ya yi mata bayani ita kaɗai, bai rage komai ba, ta yi tambayoyinta, ya amsa.

Ta fito ta tarar da Ibram ya riga ya ɗauki jakarta.

"An sallame mu ko? Mu yi sauri mu samu motar Damagaram."

"Tsaya, Yaya. Cutar ta mutu, idon ba zai huje ba."

"Alhamdu lillahi! To mu..."

"Ban gama ba. Ta bar tabo a tsakiya. Tabon ba zai tafi ba. Zan ga haske, zan ga mutum, ba zan gane shi ba. Tabarau ba zai gyara ba. Ya ce sai dai in wata rana a yi dashen fatar baƙin ido, shi ma ba tabbas, kuma ba a nan ba."

"Habsa, ki daina faɗa, mutane na ji. Allah mai iko ne."

"Mai iko ne. Kuma wannan shi ne abin da ya rage mani. Na ɗauke shi, kai ma ka ɗauka. In mun isa gida ni zan faɗa wa Jibo da Iya, da bakina, kai ka yi shiru."

Ibram ya tsaya da jakar a hannu, idanunsa sun kawo ruwa. Suka kama hanyar bakin titi, yana tafe a gefenta, yana kare ta daga masu babur.

Da suka yi 'yar tafiya ta tsaya.

"Ka koma ta dama. In kana ta hagu ba na ganin fuskarka."

Ya zagaya ta bayanta ya koma dama, suka ci gaba da tafiya.